Saɓar Kwabo

Ranar da Zakiru zai koma makarantar kwana
bai ce mini in kula da kaina ba.
Cewa ya yi, "Umma, ga Kwabo nan,
kada ruwanta ya yi wari."
Ya ɗora akwati a ka, ya fice.

Kwabo 'yar kififfiya ce,
ba ta fi murfin gwangwanin madara ba.
Da kuɗin tara ya sayo ta a Sabon Gari,
wata guda yana haɗiyar yawu lokacin da ake cin awara.
Ni da ban taɓa kiwon ko kaza ba,
ga ni da daro shuɗi a bayan randa,
ina sayen jarka guda daga mai garuwa
domin wadda ba ta san sunana ba.

Ran Talata na leƙa,
sai ga wani abu fari-fari yana bin wuyanta,
kamar yanar koko in ya huce,
yana lilo a ruwa, yana bin ƙafafu.
Gabana ya faɗi.
Na ƙirga kwanakin da suka rage a yi hutu:
arba'in da ɗaya.

Tabawa ta leƙo ta katanga, ta ce ƙazuwa ce,
a shafa man kaɗanya.
Mijinta ya ce a sa gishiri.
Mai kanti ya ce in kai ta kududdufi in huta,
in ce wa yaron mage ce ta ɗauke.
Na kwana ina juyi.
Amana ba ta da ƙarama,
ko da kuwa tana iyo a daro.

Da safe na sa ta a kwanon sha, na rufe da gyale,
na hau a-daidaita-sahu daga Gwammaja.
Kowane rami sai ruwan ya fantsamo mini a zane.
A asibitin dabbobi na Gwale
na bi layi a bayan raguna biyu da kare mai tari,
ana kallona ana murmushi.

Likita Tasi'u ya ɗaga ta wajen taga.
Ya latsa ƙoƙon bayanta da babban yatsa,
ya duba ido, ya duba hanci.
Ya ce, "Hajiya, tana ci?"
Na ce kamar gara.
Ya ce, "To saɓa ce. Girma take yi,
rigar ce ta yi mata kaɗan.
Kada ki ɓare, kada ki shafa kome.
In kin ga fatar ta yi ja, ko ido ya kumbura,
ko ta ƙi abinci kwana uku, ki dawo da gudu."
Sannan ya sake latsawa, ya ɗan ɓata fuska.
"Amma bayan nan ya so ya yi laushi.
A ina take kwana?"
Na ce bayan randa, inda sanyi.
Ya girgiza kai.

Ashe rana na hana ta.
Ni da nake ganin gata nake yi.

Yanzu da hantsi nakan fito da daron tsakar gida,
rabi a rana, rabi a inuwar igiyar shanya.
Na sa mata dutse, guntun dutsen niƙan kakata,
tana hawa, ta miƙe wuya, ta baje ƙafa
kamar mai kuɗi a kan kilishi.
Ina daka mata ɓawon ƙwai, ina barbaɗawa kan ƙananan kifi.
Ina wanke hannu da sabulu, kamar yadda aka ce.

Jiya wani ɓallin ƙoƙonta ya fita,
siriri, ana hango tafin hannu ta cikinsa.
Ban yar ba.
Na sa shi a ashana, na ajiye a ƙasan adaka
kusa da wandon Zakiru na firamare,
wanda na ce zan bayar tun bara.

Saura kwana tara.
Ban san da wace murya zai yi sallama ba.